Zama Bayan Injin Zuciya da Huhu

A yawancin manyan ayyukan tiyatar zuciya, sai an tsayar da ita cak kafin likita ya sa mata wuƙa. A tsakanin nan jinin majiyyaci yana fita ta bututu, ya shiga wani inji da zai ba shi iskar oksijin, ya mayar da shi jiki. Aikin kula da wannan inji, wato fafyushan, shi na tafi Indiya koyo. Har yau in na faɗa a gida sai a ce, "To, likita ke nan?" In ce a'a, kuma ba nas ba.

Na je da zumuɗin taɓa inji, sai aka zaunar da mu kan littafi: yadda jini ke zagaya jiki, yadda ƙoda ke shan wahala in hawan jini ya faɗi, lissafin litar da za a tura a minti gwargwadon tsayin mutum da nauyinsa. Da muka shiga ɗakin tiyata ma, an daɗe ba a bar mu mun wuce haɗa bututu da cika shi da ruwa ba. Kana ƙwanƙwasa shi kana dubawa, don kumfar iska guda in ta kai ƙwaƙwalwa tana iya shanye wa mutum ɓarin jiki. A nan na gane mai gaggawa ba shi da wurin zama a wannan sana'a.

Rai na Allah ne, amma sababin yana hannunka. Kafin a hau inji sai an ba da heparin don kada jini ya daskare, a auna, a ga ya haura daƙiƙa 480 bai yi guda ba. Ana tsayar da zuciya da ruwa mai sinadarin potassium, a sanyaya jiki, in an gama a ɗumama shi a hankali, a warware heparin da protamine. Idonka kuwa ba ya barin ma'ajiyar jini, don in ta ƙafe iska za ka tura. Duk umarnin da likita ya bayar sai ka maimaita masa da ƙarfi kafin ka aikata. Mu da aka rene mu da kawaici a gaban manya, wannan ya fi lissafin wuya. Malamarmu ba ta karɓar gyaɗa kai a matsayin amsa.

Sana'ar ba ta tsufa ba. A 1953 John Gibbon ya yi nasarar farko da irin wannan inji a Filadelfiya ta Amurka, a kan wata budurwa mai shekara 18. A Najeriya an fara buɗe zuciya a Inugu a 1974, amma aikin ya yi ta tsayawa yana tashi, galibi sai ayarin likitoci ya zo daga waje. Buƙata kuwa ga ta nan jibge: yaran da ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙofofin zuciya, irin waɗanda cibiyar Salam ta Khartum ta fara yi wa aiki kyauta tun 2007.

Wannan tsayawa da tashin aiki a gida ne abin da ke hana ɗalibi barci a shekarar ƙarshe. Hannu yana mantuwa in ba ya aiki. A Amurka ma ba a ba ka damar jarrabawar ƙwarewa sai ka gudanar da aiki 75. Kai kaɗai kuma ba ka da amfani: sai da likitan tiyata, da mai sa barci, da bankin jini, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Don haka ƙanena, kai da kake son wannan sana'a, kafin Baba ya sayar da gona ya biya maka kuɗin makaranta, tambayi aiki nawa asibitin koyarwarsu ke yi a mako, kuma ko ana barin ɗalibi ya zauna bayan inji. In sun kasa ba ka amsa, nemi wata makarantar.