Tsohon Ma'aunin Zazzaɓi

'Yan'uwana matan Ɓaure, na san wasunku suna da tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi a cikin adaka. A dā tsawonsa ƙafa guda ne, sai ya yi minti 20 a hammata. Likita Allbutt na Ingila shi ya gajarta shi. A 1868 Likita Wunderlich na Jamus ya nuna zafin mai lafiya digiri 37 ne.

Ni kam na fi yarda da shi bisa tafin hannuna, balle da damina. In ya kai 38, ki kai yaro asibiti. Amma ruwan cikinsa zaiba ce, guba. In ya fashe kada ki sa tsintsiya, ki kwashe da takarda, ki buɗe taga.

Allah ya raya mana zuriya, amin.