Takardar Miƙa Aiki

Duk abin da za a ce game da Turawan mulki, ba a raba su da alƙalami. Di'o ba ya tashi sai ya rubuta wa magajinsa takardar miƙa aiki: ga halin hakimi, ga inda haraji ke wuyar shiga. Don mulkinsu suka yi, ba don ƙaunarmu ba. Amma ga fayilolinsu can a Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Kaduna, masu bincike na cin moriyarsu.

Mu fa? A ma'aikatar ilimi mai dubban malamai, makulli da rajista kawai ake miƙawa. Na yi aiki da wani dattijo da ya shekara 35 yana koyar da Hausa. Ya san dabarar da ke sa yara gane karin sauti cikin mako guda. Ranar da ya yi ritaya aka yanka rago, aka sha jawabai, ba wanda ya ce ya rubuta ko shafi ɗaya. Littattafan darasinsa kuwa, gara ta riga kowa zuwa sito.

Yarinyar da aka turo gurbinsa tana nan tana lalube a kan abin da ya warware tun ba a haife ta ba.