Gahawa Ba Ta Biyan Bashin Barci

Yau da ke nake, ke da maigidanki ko ɗanki yake jan babbar mota. Layinmu ɗaya da ke, domin shekara tara ke nan ina haɗa wa Abban yara kayan tafiyar Kano zuwa Legas, hanya mai kusan kilomita 1,000.

Cikin kayan nan ba a rasa ƙaramar buta, garin gahawa, citta da kanumfari. In sun yada zango a Mararrabar Jos ko Tafa ko Jebba, yaron mota ya hura garwashi ya ɗora buta. Ban ga laifin wannan ba. Tun ƙarni na 15 Sufayen Yaman suke shan gahawa don su raya dare da zikiri. Sai dai mai zikiri in gyangyaɗi ya sace shi, carbi ne zai faɗi daga hannunsa. Direba kuwa sitiyari yake riƙe, ga rayukan bayin Allah a kan titi.

Ki sani, 'yar'uwa, sinadarin kafin da ke cikin gahawa ba ya kawar da gajiya, rufe ta kawai yake yi. Yakan ɗauki kamar minti 30 kafin ya kama jiki, kuma bayan awa biyar rabinsa yana nan cikin jini. Shi ya sa wanda ya yi ta ɗirka da yamma, in ya samu kwanciya barcin ya ƙi zuwa, gari ya waye ya tashi da bashi biyu. Masana lafiya sun ce kimanin kofi huɗu a yini ya ishi baligi mai lafiya. Abin da na roƙi maigida, ya kuma karɓa, shi ne in ido ya fara nauyi ya faka, ya sha kofi ɗaya, ya runtsa na minti 20, in dare ya yi kuma ya kwana.

Sai maganar wuta. Lokacin hunturu wasu kan rufe gilashi su kunna risho ko garwashi a cikin kan mota. Wannan wutar tana fitar da iska mai guba, ba wari ba launi, mutum ya kwanta bai farka ba. Mai tankar mai kuma ya yi nesa da motarsa sosai, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi har ya tarar da wuta. Don haka nake saka masa filas: a dafa a fili, a cika, a kashe wuta.

Saura namu, mata. Yawan bugo waya ana "yaushe za ka iso?" yana sa namiji ya taka mota alhali jikinsa ya gaza. Addinin da ya sauƙaƙa wa matafiyi ya yi kasaru bai ce ya kashe kansa don sauri ba. In kin kira, ki tambaye shi ya yi sallah, ya huta? Gara ya iso gobe da a kawo miki labari yau.

Allah Ya tsare mana su, Ya dawo da su lafiya, amin.