Harafin Da Ya Hana Ni Barci

A hutun da ya wuce, tsohuwar kwamfutar gidanmu ta mutu murus. Da ita Baba ke rubuta lissafin shagonsa na hatsi, Yaya kuma ke buga takardun makaranta. Mai gyara ya ce sai an sake ƙwaƙwalwarta, wato firosesa, da babban allon da kome ke hawa kansa, wanda suke kira madabod. Baba ya ƙirga kuɗi ya miƙo mini, ya ce, "Kai ne ɗan boko, je ka zaɓo. Aiki za ta yi, ba wasanni ba."

Na shiga kanti ina ji da kaina. Na riga na san Core i3-12100 na kamfanin Intel, wanda ya fito a 2022, ya ishe mu har da saura. Na kuma san ba ya zama sai a gurbin da ake kira LGA1700, saboda haka na ɗauki allo mai H610, mafi araha a danginsa, irin mai karɓar DDR4, don ram ɗinmu na da ya ci gaba da aiki.

Sai mai kanti ya nuno mini 12100F, kuɗinsa bai kai na wancan ba. Na ce a raina, ga rarar da zan mayar wa Baba ya sa mini albarka. Ban ko tambaya ba, na biya.

Da yamma mai gyara ya harhaɗa, ya kunna. Fanka na juyawa, amma monita baƙi ƙirin! Ya dubi kwalin, ya dube ni. Ashe, jama'a, wannan F ɗin na nufin babu sashen da ke fitar da hoto a ciki. An yi shi ne don masu sayen katin hoto dabam, irin 'yan wasannin nan. Kuɗin katin kuwa ya shanye rarar tawa har ya nemi ƙari.

Daren nan ban runtsa ba. Gari na wayewa na koma kantin, na yi ta roƙo, da ƙyar aka musanya mini, bayan an zaftare wani abu don na buɗe kwali.

Da hoto ya bayyana, Baba ya gyara tabarau ya ce, "Ina canjina?" Na sunkuyar da kai, Yaya na gefe tana ƙunshe dariya.