Tutar rawaya: neman abincin da babu nama a ƙasar Tailan

Kamar yadda ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram suka sani, ba yau aka saba da sunan Tailan ba. Shinkafarta ta daɗe tana shiga tukwanen Afirka ta Yamma, domin kuwa tun daga shekarun 1980 har zuwa 2012, lokacin da Indiya ta sha gabanta, ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa. Akwai kuma alhazai da hajiyoyin da suka san hanyar Bankok tamkar hanyar Kano, suna zuwa sarin tufafi da takalma a kasuwar Faratunam, ƙarƙashin dogon benen nan na Baiyoke mai tsawon mita 304. To amma wanda ya san farashin dilar yadi a Bankok ba lalle ba ne ya san abin da ke cikin kwanon da aka aje masa a gabansa.

Matafiya iri-iri ne ke buƙatar abincin da babu komai na dabba a ciki. Akwai Musulmin da ya sauka a ƙasar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na jama'arta mabiya addinin Buda ne, inda naman alade ke cikin abincin yau da kullum. Akwai ma'aikacin gwamnati da aka aika taro, wanda likita ya hana wa nama da kitse. Akwai wanda jatan lande ke kumbura wa jiki har numfashi ya yi masa wuya, kuma wannan maganar rai ce. Sa'an nan akwai waɗanda suka ɗauki barin nama da kifi da ƙwai da madara a matsayin aƙida, waɗanda Turawa ke kira bigan, kalmar da wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson ya ƙirƙiro a 1944. Duk waɗannan tambayarsu guda ce in sun tsaya bakin rumfar mai abinci.

Da farkon gani, mutum zai ce babu ƙasar da ta fi Tailan sauƙi ga mai wannan buƙata. Kasuwanninta cike suke da ganyaye, da gauta, da kabewa, da tohon gora, da gwanda, da mangwaro, da ayaba iri-iri. Awarar da yara ke saye a ƙofar makaranta a Maraɗi tana nan a kowace kasuwa, da sunan tawhu. Zogale na nan, suna ce masa marum. Tsamiya na nan. Har zoɓo ana sayarwa da ƙanƙara a bakin titi. Matsalar tana cikin abin da ido ba ya gani.

Mutumin Tailan bai cika barbaɗa gishiri a girki ba. Abin da ke tsaya masa a madadin gishiri shi ne nam fla, wato ruwan kifi: ana jera ƙananan kifayen teku da gishiri cikin manyan randuna ko kwatamai, a rufe su shekara guda ko fiye, sa'an nan a tace ruwan da ya fito, ja-ja kamar shayi. Cokali ɗaya ko biyu na wannan ruwa yana shiga kusan kowace miya da kowane soye. Bayansa akwai kafi, wani ƙulli na ƙananan jatan lande da aka tsima da gishiri aka shanya, wanda ake dakawa tare da tonka da tafarnuwa wajen haɗa kayan miyar kori, ja ko kore. Akwai kuma wani baƙin romo mai kauri da ake yi da kawa, dabbar teku mai ɓawo, kuma shi ake zubawa a soyayyen ganye. Matsayin waɗannan abubuwa a madafar Tailan shi ne matsayin daddawa a madafar Bahaushiya. In aka tambayi uwargida me ta sa a miyar kuka, za ta lissafa kuka da nama da mai, ta manta da daddawa, saboda a wurinta miya ba ta zama miya sai da ita. Haka nan mai abincin Bankok za ta rantse babu nama a cikin kwanon, kuma ba ƙarya ta yi ba, alhali ruwan kifi ya riga ya shiga, kuma romon da ta ɗiba daga babbar tukunya na ƙashin alade ne ko na kaza.

Sabili da haka abinci biyun da baƙi suka fi sani su ne suka fi yaudara. Fad tai, soyayyar taliyar shinkafa da gwamnatin Fibun Sonkaram ta yayata a shekarun 1940, tana ɗauke da ƙwai da busasshen jatan lande da ruwan kifi. Som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda da ake kirɓawa a turmi da tonka da lemun tsami da gujiya, shi ma sai da jatan lande, kuma irin na yankin Isan a arewa maso gabas har da tsimammen kifi da kaguwa. Ko an ce kada a sa, turmin guda ne, kuma ba a wanke shi tsakanin mai saye da mai saye. Mai lalurar jatan lande ya kamata ya san wannan tun kafin ya buɗe baki.

Mutum zai yi zaton a ƙasar mabiya Buda barin nama abu ne gama-gari. Ba haka ba ne. Sufayen Tailan, masu rawayan mayafi da ke fita bara da asuba, suna cin duk abin da aka zuba masu a akushi, har da nama. Al'adar barin nama ta fi ƙarfi ne wurin ƴan ƙasar da asalinsu Sin, kuma daga gare su aka samo kalmar da ta fi kowace amfani ga matafiyi, wato je. Abincin je babu nama, babu kifi, babu ƙwai, babu madara, babu ruwan kifi. An ma haɗa da tafarnuwa da albasa da danginsu masu wari, domin a cewarsu suna tayar da zuciya. A madadin ruwan kifi ana sa romon waken suya, a madadin nama kuma awara, da ƙullin alkama, da naman kaza, wanda duk da sunan da Bahaushe ya ba shi tsiro ne kurum. Akwai wata kalmar kuma, mansawirat, wadda ke nufin barin nama kaɗai, kuma mai dafa irin wannan yana iya sa ƙwai ko madara. Wanda ke son tsantsar tsiro, je zai nema.

Alamar tana da sauƙin ganewa ko ga wanda bai iya karatun Tailan ba: tuta ce rawaya da jan rubutu, haruffa biyu waɗanda baƙo zai ga sun yi kama da lamba 17. Ana kafa ta a ƙofar shago, ana kuma buga ta a jikin kwalba ko leda. Irin waɗannan shaguna galibi ƙanana ne, kusa da kasuwa ko wurin ibadar Sinawa. Tire-tire ne a jere cike da miya da soye, mutum ya nuna da yatsa a zuba masa a kan shinkafa. Suna buɗewa da sassafe, kuma da yawansu kafin la'asar sun kwashe kaya. Ɗan kasuwar da ya wuni yana ciniki ya ce sai da dare zai nemi abinci, zai tarar da ƙofa a rufe.

A Bankok, unguwar Yawarat, wato unguwar Sinawa, ita ce wurin farawa. Kusa da babbar kasuwar Catucak kuma, wadda ke ci ranakun Asabar da Lahadi, an san wani gidan abinci da ke ɗauke da sunan Camlon Sirimuwan, tsohon janar na soja wanda ya yi gwamnan Bankok daga 1985 zuwa 1992, ya kuma ja zanga-zangar watan Mayun 1992 da ta tilasta wa Janar Sucinda sauka daga mulki. Camlon ɗan ƙungiyar Santi Asok ne, ƙungiyar mabiya Buda da ta bar nama gaba ɗaya, kuma an san shi da cin abinci sau ɗaya a yini da sa rigar manoma mai shuɗin baba. Gidajen abincin wannan ƙungiya sun yi suna da araha, kuma a wasunsu mai ci shi ke kai kwanonsa wurin wanki, ko da kuwa babban mutum ne a ofishinsa.

Inda babu tuta, sai a koma ga baki. Kin je na nufin mutum je yake ci. Mai sai nam fla na nufin kada a sa ruwan kifi, mai sai kai kuma kada a sa ƙwai. Mu shi ne alade. Harshen Tailan yana da karin sauti biyar, kuma Bahaushe, wanda ya san bambancin fari na launi da fari na rashin ruwa, ba zai yi mamakin cewa kalma guda in an karkata ta tana komawa wata ba. Abin da ya fi shi ne a sa ma'aikacin otal ya rubuta buƙatar a takarda da rubutunsu, a riƙa nunawa.

Ga Musulmi akwai hanya ta biyu, wato gidajen abincin halal, masu ɗauke da koren tambarin majalisar Musulunci ta ƙasar. Suna da yawa a titin Fecaburi kusa da masallacin Darul Aman, ba nisa da Faratunam, da kuma unguwar Nana, inda Larabawa da ƴan Afirka ke sauka. Sai dai halal ya warware matsalar alade da yanka ne kaɗai. Ruwan kifi da jatan lande suna nan yadda suke.

Wanda ya hau jirgin ƙasa na dare zuwa Ciyan Mai, tafiyar kilomita 750 zuwa arewa, zai tarar da abin da zai tuna masa da gida. A wannan tsohon birni, wanda Sarki Manrai ya kafa a 1296, nesa da teku, mutanen dā ba su dogara da jatan lande ba. Suna dafa waken suya, su rufe shi da ganye kwana biyu ko uku har ya tsima, su daka, su fyaɗa shi faifai-faifai, su shanya a rana. Sunansa tuwa naw, ma'ana ruɓaɓɓen wake. Duk wanda ya gan shi a jere a kasuwar Warorot, ya kuma shaƙi warinsa, ya san daddawa ce. Ana gasa ta a kan garwashi a daka cikin miya, musamman a abincin ƙabilar Shan. Birnin kuma yana cikin wuraren da suka fi yawan gidajen abincin tsiro a ƙasar, saboda ɗimbin baƙin da ke zuwa. To amma shahararren abincinsa, kaw soi, wanda ake dangantawa da Musulmin fatake daga Yunan ta ƙasar Sin, taliyarsa da ƙwai ake murza ta, sai an nemi a canza.

Kayan zaƙi su ne suka fi kwanciyar hankali, domin madarar kwakwa ce ke tsayawa a madadin nonon saniya. Shinkafa mai danƙo da mangwaro, da ayaba dafaffiya cikin madarar kwakwa, da gasasshiyar ayaba ta bakin titi, duk ana ci ba tare da dogon bincike ba. A shagunan 7-Eleven, waɗanda sun haura 14,000 a ƙasar, akwai madarar waken suya, amma wasu kwalayen an gauraya su da garin madara, sai a duba alamar nan ta rawaya. Wanda likita ya aiko kuma ya yi hattara: abincin je da yawansa soyayye ne cikin mai, romon waken suya gishiri ne tsantsa, kuma hannun mai girkin Tailan yana da nauyi wajen sukari.

Sau ɗaya a shekara al'amarin yana juyawa gaba ɗaya. A wata na tara na lissafin Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba, ana yin bikin cin je na kwana 9. Tutocin rawaya kan rufe titin Yawarat, manyan kantuna da ƙananan rumfuna duk su koma dafa je, farashin ganye kuma ya hau a kasuwa. Cibiyar bikin ita ce tsibirin Fuket a kudu. Mutanen wurin suna ba da labarin cewa wajen 1825 wata tawagar ƴan wasan kwaikwayo daga Sin ta zo nishaɗantar da masu haƙar kuza a garin Katu, cuta ta kama su, suka bar nama suka yi addu'o'insu, suka warke, mutanen gari kuma suka riƙe al'adar. Masu bikin suna sa fararen kaya, suna barin giya, suna ware tukwane da kwanonin da nama bai taɓa ba. A wuraren ibada irin su Juwi Tuwi ana raba abinci, a titunan da ke kewaye kuma ƴan kasuwa ne ke sayarwa kamar kowace rana. Da safe ake fitowa jerin gwano, inda waɗanda ake kira ma son, ma'ana dawakin alloli, ke huda kumatunsu da ƙarafa da takubba cikin ƙarar albarushin wasa. Wanda ya san bori ba sai an fassara masa kalmar doki a nan ba.

A daren ƙarshe ana raka allolin zuwa bakin teku a Safan Hin, cikin hayaƙi da tartsatsi har tsakar dare. Kashegari da yamma a sauke dogayen sandunan fitilu da aka kafa a wuraren ibada. Masu rumfuna su naɗe tutocinsu su aje sai baɗi, kwalbar ruwan kifi ta dawo kan tebur, baƙon da ya rage a garin kuma ya koma neman ƴan shagunan nan da ke buɗewa da sassafe a bayan kasuwa.