Alameda: Gidan da Kunne Yake Taya Hannu Wasa

Alameda wani tsibiri ne a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ɗan siririn ruwa ne ya raba shi da birnin Oklan. Matafiyin da ya taso daga Oklan a mota yakan bi ta wata hanya da aka haƙa a ƙarƙashin ruwa, ya ɓullo a kan Titin Webster. A kan wannan titi ne gidan tarihin nan mai suna Pacific Pinball Museum yake, wanda wani mutum, Michael Schiess, ya kafa a shekarar 2004 domin adana akwatunan wasan finbol.

Shi akwatin finbol kamar teburi yake mai gangare, an rufe shi da gilashi. Mai wasa yakan ja wata 'yar sanda mai sifirin ya harba ɗan ƙwallon ƙarfe, sa'an nan ya yi ta tare shi da waɗansu 'yan fukafukai biyu don kada ya zurare ƙasa. Kamfanin Gottlieb na birnin Shikago ne ya fara sa waɗannan fukafukai a 1947. A wannan gida a ƙofa ake biyan kuɗi, bayan haka baƙo ya taɓa akwatin da ya ga dama ba tare da jefa ko kwabo ba.

Abin da yake fara tarbar baƙo kuwa shi ne ƙara. Ban da akwatunan wasa, akwai tsofaffin akwatunan faifai irin waɗanda a dā ake jefa wa kuɗi a zaɓi waƙa. Daɗaɗɗun abokan zama ne, domin tare suka yi zamani a gidajen abinci da kantunan Amurka. To, a nan ne mai sha'awar wasan yake shiga tsaka mai wuya: wane kiɗa zai saurara?

Tambayar ba ta banza ba ce. Akwatunan da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1970 ba su da waƙa, sai ƙararrawa. Da yawansu suna da guda uku, watau ɗaya ta maki 10, ɗaya ta 100, ɗaya ta 1,000. Gwani ba ya ɗaga kai ya dubi allo, kunnensa ne yake gaya masa abin da ya ci. In aka ƙure faifai, an toshe masa wannan hanya ke nan. Bugu da ƙari, kiɗa mai zafi yakan sa mutum ya riƙa jijjiga akwatin, alhali a cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe a rataye, da zarar ya taɓa zobensa sai fukafukan su mutu, ƙwallo ya wuce. Garaje ba ya kai mai wasa ko'ina.

Daga baya masu ƙira suka shigar da kiɗan cikin akwatin. Bayan faifan Tommy na ƙungiyar The Who ta Ingila ya fito a 1969, da fim ɗinsa a 1975, kamfanin Bally ya fitar da Captain Fantastic a 1976 da hoton mawaƙi Elton John. A 1979 kamfanin Williams ya ƙera Gorgar, akwati na farko mai magana. A 1980 wata mai tsara kiɗa, Suzanne Ciani, ta ba akwatin Xenon muryarta da kiɗanta. Da kamfanin Stern ya fitar da AC/DC a 2012, sai zaɓen waƙa ya zama wani sashe na wasan, domin waƙar da mutum ya ɗauka ita ce take nuna wuraren da za su fi ba shi maki.

Wannan ƙara da ake ji a Titin Webster ta sha da ƙyar. A 1942 Magajin Garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta wasan a kan cewa caca ce, aka farfasa akwatuna da guduma. Sai a 1976 aka ɗage dokar, bayan wani gwani, Roger Sharpe, ya nuna wa majalisar birnin cewa iyawa ce ba sa'a ba. Ita kuwa Oklan, maƙwabciyar Alameda, ba ta soke tata dokar ba sai a 2014.

Yanzu abin tsoro ba guduma ba ne, tsufa ne. Tsohon akwati cike yake da wayoyi da ƙananan ƙarafa masu motsi, in babu mai gyara sai ya yi shiru. Saboda haka baƙon da ya tsaya gaban irin wannan akwati, ya fi masa ya jinkirta zaɓen faifai. Waƙa dai ana samunta a kowace waya, amma wannan ƙararrawa sai an zo inda take.