Liyari Da Dala A Ƙasar Burumburum

Idan aka bar Kano aka bi hanyar Zariya, sai a ratsa ƙasar Bebeji da ta Kiru har a isa Kwanar Ɗangora. Nan a ke karya kwana a nufi Tudun Wada da Doguwa. Ko'ina gonakin dawa ne da masara da shinkafa. Cikin ƙasar Tudun Wada ne Burumburum ta ke, tsohon gari wanda tarihin Kano ya ce Sarki Babba Zaki, mai sarauta daga 1768 zuwa 1776, ya yaƙe shi.

A garuruwan nan mun lura da wani abu. Gidaje da dama suna da tsofaffin kuɗi ajiye a gwangwani ko a ƙarƙashin adaka, gadon kaka ko na tsohon soja. Masu sayen tsofaffin kaya kuwa suna yawo ƙauye ƙauye. Wanda bai san ƙarfen da ke hannunsa ba, zai iya ba da azurfa a kuɗin tagulla, ko ya sayi tagulla a kuɗin azurfa. Kama da wane ba wane ba ne.

Babba cikin kuɗin nan shi ne liyari, wanda mata su ke ratayawa a wuya. Hoton da ke jikinsa na Sarauniya Mariya Tireza ce ta ƙasar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekara har zamaninmu. Saboda haka 1780 ba ta nuna tsufansa. Nauyinsa ne shaida: giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 kuwa azurfa ne. Wanda aka huda ko ya goge zai ragu kaɗan, amma in ya ragu da yawa, sai a yi hattara.

Sai sule da dala masu hoton itacen kwakwa, waɗanda aka fara bugawa a 1913. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000, nauyin dala kuwa giram 11 da ɗan ɗoriya. A 1920 azurfa ta yi tsada, sai aka koma tagulla mai launin rawaya, wadda aka zuba mata ɗan kuza kaɗan. Kuza dai ba baƙo ba ne a wannan yanki, gama mutanen Riruwai ta ƙasar Doguwa sun daɗe suna haƙa shi suna narkarwa tun kafin zuwan Turawa. Kobo mai huda da anini, ko da farare ne, babu azurfa a cikinsu. Jan ƙarfe ne aka gauraya da nikel, sai dai aninin farko na 1907, wanda aka yi da alminiyam.

Haka kuma lambobin yabo na sojan da su ka je Yaƙin Bama. Tauraro mai tsini shida tagulla ne. Farar lamba mai 1939 da 1945 a jiki ita ma jan ƙarfe ne da nikel. Darajarsu tana wajen wanda ya sha wuya ya samo su, don haka ya fi kyau a bar wa jikoki.

To, yaya za a gane azurfa a gida? Da fari a karanta shekara. Na biyu a auna a sikelin maƙerin farfaru. Na uku a ɗora kuɗin a kan yatsa a ƙwanƙwasa shi a hankali da wani kuɗi: azurfa tana da amo siriri mai daɗewa, dalma kuwa ba ta da amo. Na huɗu a duba tsatsa, gama azurfa baƙi ta ke yi in ta daɗe, tagulla kuma kore. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, saboda haka baƙin ƙarfe kaɗai ya ke tonawa.

Abu ɗaya mu ke roƙon masu karatu: kada a goge kuɗin da yashi ko toka, kada kuma a yarda a kankare shi da magagari don gwaji. Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son shi da tsufansa, gogewa tana rage masa daraja. In sayarwa ta zama dole, a nuna wa maƙera biyu ko uku tukuna, a ji bakinsu, sa'an nan a yi ciniki a gaban shaida.